Daga filin golf zuwa Matan Fada: Gasar da ake cin ta tun a tudu



A zangon karatun da ya wuce malaminmu na darasin rahoton wasanni ya ba mu aikin gida, ya ce kowa ya zaɓi wasan da bai taɓa yi ba ya rubuta shafi biyar a kansa. Kafin in farga abokai sun kwashe ƙwallon kwando da tanis da ninkaya, sai golf ya rage mini, wato wasan nan da wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. Dariya aka yi ta yi mini a aji. Wani ya ce in je Kano ko Kaduna in yi hira da manya masu tumbi, wani ya ce ai wannan ba wasa ba ne, yawon shan iska ne da sanda a hannu. Gaskiya ni ma haka na ɗauka. Yaron da ya tashi tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, me ya haɗa shi da golf?

Da na zauna karatu sai na ga ashe raini ne kawai irin na wanda bai sani ba. Mai buga ramuka 18 a ƙafa yakan yi tafiyar da ta kai kilomita bakwai zuwa goma, cikin awa huɗu ko fiye. Bugun kansa bai kai daƙiƙa biyu ba, amma a hannun ƙwararru kan sandar yakan kai gudun kilomita 180 a awa lokacin da ya sami ƙwallon. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda wannan ƙarfi ke fitowa. Ni na zaci daga damtse ne. Ashe daga ƙasa yake tasowa: ƙafa ta danna ƙasa, ƙugu ya juya, gangar jiki ta bi shi, kafaɗa ta karɓa, hannu ne na ƙarshe, shi ɗan aike ne kawai. Shi ya sa ciwon da ya fi damun 'yan golf ciwon kwankwaso ne. In ƙugu ya sandare bai juyawa, ƙashin baya ne ke biyan bashin.

Gary Player, ɗan Afirka ta Kudu da aka haifa a 1935, yana cikin na farko da suka riƙi motsa jiki da gaske a wannan wasa, tun lokacin da abokan wasansa ke ganin ɗaga ƙarfe zai ɓata musu hannu. Ya ci manyan gasanni tara. Sai Tiger Woods na Amurka, wanda ya ci gasar Masters a 1997 yana ɗan shekara 21 da ratar bugu 12. Daga kansa ne abin ya zama dole, har ta kai yanzu da wuya ka ga babban ɗan golf da ba shi da mai horar da jikinsa daban da mai koya masa bugu. Rabin aikinsu a wajen fili suke yin sa, inda babu ƙwallo babu rami babu 'yan kallo.

Ina cikin wannan karatu tunanina ya bar Amurka ya dawo gida, ya tsaya a bakin Matan Fada, ranar rufe bikin kamun kifi na watan Maris ɗin 2020.

Minti ashirin a ruwa

Wanda ya je bikin wannan shekara ba zai manta ba. An yi kusan shekara goma ba a yi shi ba, don haka garin ya cika ya batse, har Shugaba Muhammadu Buhari ya zo. Ni lokacin ina sakandare. Abokin wasana, ɗan kawuna, wanda ya girme ni da shekara huɗu, yana cikin dubban da suka jeru da homa da gora suna jiran a buga bindiga. Gidansu gidan su ne tun kaka da kakanni, ya iya ruwa tun bai iya karatu ba. Sai dai shekara biyu kafin nan ya koma Birnin Kebbi yana kabu-kabu, daga safe har dare yana zaune a kan babur. Da aka sa ranar biki ya dawo gida saura kwana uku, ya ɗauko homar babansa ya gyara, shi ke nan shirinsa.

Da aka ba da alama suka kwasa a guje. Wanda bai taɓa gani ba yana zaton kamun kifi aikin haƙuri ne, a zauna a jira. Na Argungu ba haka yake ba. Da gudu ake farawa, cikin turereniya da ƙura, kana riƙe da homa da ƙaton gora, sannan ka faɗa ruwan da ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa. Kowane taku sai ka fizgo ƙafarka. Ka nutsa, ka taso, ka buɗe homa, ka haɗe ta, ga mutum ta dama ga mutum ta hagu, ga makaɗa a kwale-kwale suna zuga ku. Kusan awa guda ake ba ku.

Shi bai yi rabin awar ba. Ya ce ya ji kifi ya shiga homarsa, babba, irin wanda yake jin bugunsa har a ƙirji. Ya yunƙura zai juya ya haɗe bakin homar sai sha-raɓarsa ta hagu ta ɗaure tamau, kwankwaso ya riƙe. Kifin ya yi fizga ɗaya ya tafi. Shi kuma ya sha ruwa sau biyu kafin ya rungumi goransa, wasu masu jirgi suka jawo shi bakin gaɓa. Ina tsaye na ga an kwantar da shi yana amai, idonsa ja wur. Daga baya, da muka keɓe, ya faɗa mini cewa da safen wani abokinsa ya ba shi ƙwayar tramadol wai don kada ya gaji.

A wannan rana Abubakar Ya'u daga Ƙaramar Hukumar Augie ya fito da kifi mai kilo 78 ya zo na ɗaya. Ka ƙiyasta: ya fi buhu ɗaya da rabi na shinkafa mai kilo 50, kuma shi wannan buhun yana da rai, yana da santsi, ba ya son ka. Sa'a tana ciki, babu musu, don kifi ba ya zaɓen homa. Amma bayan ya shiga, riƙe shi aikin ƙafa ne da ƙugu da baya da yatsu, daidai jerin nan da na karanta a kan golf.

Gardamata da Kawu

Da na je hutu na kawo wa Kawu wannan magana, muna zaune a zaure yana ɗinkin koma. Bai ko ɗago kai ba.

"Kai ɗan boko," in ji shi, "mu da munka tashi wa ya koya muna wani motsa jiki? Hwadama ita ce makarantarmu. Ka yi noma, ka tuƙa jirgi, ka ja koma, wane ƙarhi kaka nema kuma?"

Na ce, "Gaskiyarka, Kawu. To amma Yaya fa? Yaushe rabonsa da fartanya?"

Ya yi shiru, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Kawu yana da gaskiya a kan zamaninsu. Mutumin da ke tuƙa kwale-kwale da gora kullum yana juya ƙugu sau ɗaruruwa bai sani ba. Mai dashen shinkafa a fadama yana wuni cikin laka, ƙafarsa ta saba. Mai ɗaukar dami daga gona zuwa bakin hanya ya gama da ɗaga nauyi. Rayuwarsu ce horonsu. Ko labaran baka da ake bayarwa a kan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, suna nuna shi a matsayin gwanin kokawa da dambe tun yana saurayi. Da aka fara bikin a sigarsa ta yanzu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ba a buƙaci a ce wa kowa ya je ya yi atisaye ba.

Mu fa? Injin ban-ruwa ya karɓi aikin guga, babur ya karɓi tafiyar ƙasa, jirgi mai inji ya karɓi tuƙi, waya ta karɓi sauran lokacin. Ban ce a koma baya ba, ni ma ba na son in taka daga Argungu zuwa Gulma. Amma mun gaji wasannin kakanninmu ba mu gaji jikinsu ba. Hukumar UNESCO ta sa bikin Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, ana zuwa daga ƙasashe ana kallonmu, mu kuma muna shiga ruwa da jikin da ya wuni a kan benci.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba za a ce kowa ya je ya yi ta atisaye a ruwa ba. Matan Fada a rufe yake ga masunta sai lokacin biki, Sarkin Ruwa da mutanensa na tsaronsa. Sauran gulabe da tafkuna kuwa, yawan zama a cikinsu na jawo tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini da ƙwayoyinta ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa su huda fata. Dole mai son iya ruwa ya shiga ruwa, amma ƙarfi da juriya a tudu ake tara su, kamar yadda ɗan golf ke tara nasa nesa da fili.

Jarka biyu da buhun yashi

Abin daɗin shi ne ba sai ka biya kuɗin gidan motsa jiki ba. Abin da ƙwararru ke yi da ƙarafa masu tsada yawancinsa kwaikwayon aikin ƙarfi ne da muka sani.

Fara da ƙafa, don ita ce ta ci amanar Yaya. Tsuguno da miƙewa, a hankali, dugadugai a ƙasa, baya a miƙe. In ya yi sauƙi ka rungumi buhun yashi ka yi. Tsallen kwaɗon da aka riƙa hora mu da shi a makaranta yana da amfani in an yi kaɗan, amma yana cin gwiwa in an zarce. Wanda ya fi duka kama da Matan Fada shi ne gudu a cikin rairayi. Ka yi gudun daƙiƙa 20 da iyakar ƙarfinka, ka taka a hankali na minti ɗaya, ka sake, sau shida ko takwas. Yashi yana nutsar da ƙafa yana sace maka ƙarfi, kamar laka. Mutanen Birnin Kebbi da ke zagaya filin wasa na Haliru Abdu da asuba suna kyautawa, amma gudun sassarfa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa numfashi kawai yake gyarawa, bai koya wa ƙafa fizga.

Sai tsakiyar jiki, wato ciki da kwiɓi da baya. A nan ne samarinmu suka fi yin kuskure. Ka shiga kowace unguwa za ka tarar da ƙarfen da aka zuba wa siminti a gwangwani biyu, samari na layi suna ɗagawa don damtse ya kumbura a cikin riga. Damtse na hoto ne. Ɗan kokawa zai gaya maka kaye daga ƙugu yake fitowa, ɗan dambe ma haka, mai ƙwallon dawaki da ke lilo da sanda a kan doki ma haka. Ka ɗauki buhun yashi mai kilo biyar, ka tsaya gefe da bango ko da abokinka, ka juya ƙugu ka wurga shi, sau goma ta dama sau goma ta hagu. Kada ka bar hagun, don gefen da ka raina shi ke karyewa ranar gasa. Faskare ma yana yin wannan aiki, ga shi Inna za ta sa maka albarka. Sannan ka kwanta rub da ciki ka tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar katako, ka ƙirga talatin. Za ka ji cikinka na rawa. Wannan rawar ita ce aikin.

Wanda na fi so shi ne na 'yan ga-ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Ka ɗauki biyu, ɗaya a kowane hannu, ka yi taku arba'in ba tare da ka karkace ba. Yatsu, kafaɗa, baya, ƙafa, babu wanda zai huta. Ka fara da rabin jarka. Girkawan da suna da labarin wani ɗan kokawarsu, Milo, wanda aka ce ya riƙa saɓa ɗan maraƙi kullum har maraƙin ya zama bijimi yana ɗaukarsa. Ko gaskiya ne ko almara, ƙa'idar tana nan: a ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, mako bayan mako. Tsoka ba ta girma lokacin da ake wahalar da ita, sai lokacin hutu da barci, don haka wurin da ka gajiyar yau ka bar shi gobe. Kwana uku a mako ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta ce wa baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Kuma a fara wata uku kafin biki, ba kwana uku ba.

'Yan'uwana mata, kada ku ce wannan zancen maza ne don ba ku shiga gasar kifi. Tsallen igiya a tsakar gida da tsuguno da miƙewa ba su buƙatar fita ko ƙofar gida, kuma ciwon bayan da ke damun mai kabu-kabu shi ke damun mai wuni a kan keken ɗinki.

Numfashi, da abin da ke kashe gwanaye

A wasannin Kabanci akwai tseren jirage, da ninkaya, da kamun agwagwar ruwa, da kamun kifi da hannu, da gasar nutso. Wannan ta ƙarshen ita ce nake son mu tsaya a kanta, don akwai wata dabara da yara ke koya wa juna wadda ke iya kai mutum lahira. Kafin su nutsa sai su yi ta jan numfashi da sauri-sauri, sau ashirin ko talatin, wai suna cika huhu. Ba su ƙara iskar oksijin ta a-zo-a-gani ba. Abin da suka yi shi ne fitar da iskar kabon daga jini, alhali taruwar wannan iska ce ke sa mutum ya ji ƙirjinsa na zafi ya taso sama. Sun kashe ƙararrawar ke nan. Sai oksijin ya ƙare mutum bai ji komai ba, ya suma a ƙarƙashin ruwa shiru, babu ihu babu fafutuka. Wannan yakan sami gwanaye ne, don su ke da ƙarfin halin daɗewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yara da matasa ne suka fi yawa. Numfashi biyu ko uku a natse ya isa kafin nutso, kuma kada ka taɓa gwada daɗewa a ruwa kai kaɗai.

Ga kuma ƙwaya. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga ciki irin su tramadol suke sha ba da izinin likita ba. Tramadol maganin ciwo ne. Ba ya ƙara ƙarfi ko na sisin kwabo, gajiyar kawai yake ɓoye maka, tsokar kuwa tana nan tana ƙarewa. In an sha da yawa yana kawo jiri da amai, yana rage numfashi, yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. A tudu ma abin tsoro ne, balle a tsakiyar gulbi cikin dubban mutane inda kowa idonsa na kan homarsa. Da Yaya ya yi jijjiga a ranar maimakon ɗaurewar ƙafa, da wani labarin nake rubutawa.

Kada kuma zumuɗi ya kwashe mu zuwa ɗaya gefen. Tiger Woods ɗin da na yaba, jikinsa ya sha wuƙar likita. Ya ci gasar US Open ta 2008 da tsinkakkiyar jijiyar gwiwa, an yi masa aiki a baya sau da dama, har a Afrilun 2017 aka haɗe masa wasu ƙasusuwan baya, kafin ya dawo ya sake cin Masters a 2019. Shi da bakinsa ya taɓa cewa yawan gudun da ya yi a farkon shekarunsa, fiye da mil 30 a mako, shi ya lalata masa gwiwoyi. Mil 30 kusan kilomita 48 ke nan, kamar ka ce duk mako sai ya taka daga Birnin Kebbi ya doshi Argungu a guje. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan atisaye ba komai ba ne. Ciwo mai suka a gaɓa, ko wanda ke sauka daga baya zuwa ƙafa, wannan na asibiti ne, a daina a je a gani.

Zafinmu ma ba abin wasa ba ne. A Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, don haka bayan sallar Asuba ko bayan La'asar sakaliya ne lokacin. Da azumi a bari sai an sha ruwa. Abinci kuwa muna da shi: shinkafa da wake, kifi, fura da nono, ƙuli-ƙuli, ƙwai in aljihu ya yarda. Garin gina jiki na gwangwani da ake tallatawa a TikTok bai fi waɗannan ba ga mai farawa, kuɗinsa ne kawai ya fi. A sha ruwa sosai, in fitsari ya yi ja to jiki na ƙara.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. Tun 1975 suke gasar kokawa ta takobi, kuma kowace jiha takan killace 'yan kokawarta a sansani kafin gasa, a ciyar da su a horar da su. Dosso tana nan kusa da mu, jihar su Issaka Issaka da ya ɗauki takobin sau da dama. Ban ga abin da zai hana ƙananan hukumominmu, Argungu da Augie da Arewa da sauransu, su tara samarin da za su shiga ruwa ko fagen kokawa na 'yan makonni kafin biki ba, ko da malamin motsa jiki ɗaya ne da ma'aikacin lafiya ɗaya. Kuɗin bai kai na rumfunan manyan baƙi ba.

Aikin gidan dai na miƙa, malam ya ba ni maki 14 cikin 20, ya rubuta da jan biro cewa na bar golf na koma kamun kifi. Yaya kuwa har yanzu yana kabu-kabu, amma ya bar ƙwaya, kuma ya ajiye jarka biyu a bayan ɗakinsa. Ranar da zan dawo makaranta na fito da asuba na tarar da shi yana kai-komo da su a tsakar gida, Kawu na zaune a kan buzu da carbi yana kallonsa. Da ya kai bango ya juyo, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace.

"Miƙe bayanka," in ji Kawu. "In za ka yi, yi shi da kyau."